Shekarar da Aka Ce Na Saci Amsa

'Ya'yana, na san kun ji maganar nan a bakin mutane, kuma na san kunya ce ta hana ku tambayata. Ina zaune a soro ranar da wata yarinya ta ce wa Sadiya, "Ai babanku an taɓa kama shi a jarrabawa." Sadiya ta shige gida tana kuka, ta ƙi faɗa wa kowa dalili. Na ji da kunnena, na yi kamar ban ji ba. To yanzu gemu ya yi fari, ba ni da sauran abin ɓoyewa. Zan faɗa muku inda aka yi mini ƙarya, in kuma faɗa muku inda na yi wauta, don wautar tawa ma ba ƙarama ba ce.

Bayan soja sun koma bariki da 'yan shekaru, komai na aikin gwamnati ya koma maganar takarda. Ina mataimakin hedimasta a wata firamare nan kusa da Shahuci, na fi shekara ashirin ina shaƙar alli. Hedimastanmu ya kusa ritaya, kowa ya san ni ne a layi, sai aka ce daga yanzu wanda ba shi da digiri kada ma ya sa rai. Ni kuwa ba halin in bar gida in tafi jami'a. Ga ku ƙanana, ga kakanku Malam Babba gwiwoyinsa sun gaji, har ya miƙa mini limancin ƙaramin masallacin unguwarmu. Ni nake jan salla sau biyar, shi yana zaune a bayana ta hannun dama. Ana cikin haka na ji labarin wata jami'a da ake karatu daga nesa. Littafi ta kwamfuta, aikin gida ta kwamfuta, sai ƙarshen zango mutum ya je cibiyarsu ya zauna jarrabawa. Na ce wannan ai don ni aka yi ta.

Da na faɗa a gida, Ummanku dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Malam, wace irin makaranta ce babu aji, babu malami, babu ko bulala?"

Malam Babba kuwa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malamin naka yana da rai?"

Na ce yana da rai mana, Malam, ba na dai ganinsa ne.

"To wa za ka durƙusa wa in ka je ɗaukar karatu?"

Ya ce Allah ya sa albarka, ya koma kan rubutunsa.

Ba ni da kwamfuta, kuma ban taɓa taɓa ta ba. Akwai wani shagon intanet wajen Ƙofar Ɗan Agundi, na wani sa'ana da ake kira Sagiru, can na mayar ajina. Kwamfutoci shida ne a ɗaki ɗaya, da janareto a ƙofa mai ƙara kamar injin niƙa. Da yatsa ɗaya nake buga haruffa, ina neman kowanne kamar na yar da allura. Sagiru ne ya buɗe mini adireshin imel, shi ya zaɓa mini lambar sirri, shi yake buɗe mini saƙo in na zo, saboda haka sirrin nawa a aljihunsa yake. Mutumin kirki ne, ban da bakinsa da ba ya riƙe ko ruwa. Shi yake fitar mini da littattafan a takarda, in kai wa mai ɗinki ya haɗa mini, in rungumo su zuwa gida.

A nan ne ya kamata ku fahimci irin gidan da na tashi. Kakanku alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba. Karatu a wajenmu hanya ɗaya gare shi: a rubuta maka a allo, ka maimaita har ya zauna a ƙirjinka, ka kawo a saurara, in ya yi ka wanke allon a ƙara maka. Ba a canza harafi, ba a rage wasali. Ko littafin fiƙihu ne, in aka tambaye ka sai ka kawo maganar mai littafin yadda ya faɗe ta. Wanda ya sa tasa kalmar a cikin maganar malami, a wajenmu ya ci amanar malamin. Ina yaro na taɓa cewa "a ganina" a gaban Malam, ya ce in bari sai na sami ganin tukuna. Da wannan na girma, da shi na haye makarantar horon malamai, babu wanda ya taɓa ce mini akwai wata hanya.

Saboda haka da littattafan Turancin nan suka zo, sai na yi musu abin da na iya. Na yanka kowanne kashi-kashi. Bayan sallar asuba in ɗauki kashi ɗaya ina zagaya tsakar gida ina maimaitawa, ranar Alhamis in haɗa na mako in yi tilawarsa gaba ɗaya. Ummanku ta ce maƙwabta sun fara tambayarta ko aljanun Turawa ne suka shige ni. Shekara biyun farko jarrabawa a kwamfuta ake yi, a ba ka amsa huɗu ka zaɓi daidai. Wannan kuwa wasa ce a wajena, don ina ganin tambaya shafin yake buɗewa a idona. Makina ya yi ta tashi, Sagiru yana shelantawa a shago, ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fara girma.

A shekara ta uku aka koma jarrabawar rubutu da hannu. Akwai wani kwas a kan halayyar yara wajen koyo, da littafi mai kauri, na haddace shi tas. Ranar jarrabawa aka caje mu a ƙofa, na zauna, na buɗe takarda, sai ga tambaya ta faɗo daidai kan babi na biyar. Na yi bisimilla na sake alƙalami. Na zubo babin nan daga farko har ƙarshe, da misalansa da komai. Akwai ma wani layi da aka buga sau biyu a jere a littafin. Tun ina hadda na lura da shi, na ce wataƙila kuskure ne, wataƙila kuma mai littafin ne yake jaddadawa, ni wane ne da zan goge masa? Na rubuta shi sau biyu yadda yake. Na fito ina jin ban taɓa yin jarrabawa mai kyau irin wannan ba.

Bayan wasu makonni, wata ranar Talata da azahar, na biya shagon daga makaranta. Shagon cike yake. Sagiru ya ce akwai saƙo, ya buɗe, ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba, yana jiran ya yi shelar maki. Sai na ji muryarsa ta sauka. Maimakon ya yi shiru, bawan Allahn nan sai ya juyo ya fassara.

"Malam Habibu, wai fa sun ce satar amsa ka yi! Wai ka shiga da littafi. An riƙe sakamakonka, kuma ka bayyana gaban kwamiti."

Na ce, "Wa?"

"Kai mana. Ga sunanka, ga lambarka."

Na matsa na karanta da kaina, sau uku. Kunnuwana suka toshe, ko ƙarar janareton ban ƙara ji ba. Ni? Sata? Ni da ko allin makaranta ban taɓa kawowa gida ba? Na duba, kowa a shagon ya bar kwamfutarsa yana kallona. Na fita ban ko yi sallama ba, na bar kekena a ƙofar shagon, na taho gida a ƙasa ban sani ba.

Labarin ya riga ni isa unguwa. Da la'asar na yi alwala na shiga masallaci, ladan ya tayar da iƙama, na ɗaga ƙafa zan wuce gaba, sai na ji muryar Malam Babba daga inda yake zaune.

"Habibu, dakata. Malam Sani, ja mu."

Malam Sani shi ne ladaninmu. Ya kalle ni, ya kalli Malam, ya wuce gaba yana sunkuyar da kai. Ni kuma na ja da baya, sahu yana buɗe mini hanya, har na tsinci kaina a sahun ƙarshe kusa da takalma. Saƙon jami'a ya girgiza ni, amma wannan ya fi shi sau goma. Har yau ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Bayan an idar na bi shi soro, na durƙusa. Na ce, "Malam, kai ma ka yarda na yi? Kai da kake jina kullum da asuba ina haddar littafin nan?"

"Ban ce ka yi ba," in ji shi. "Ban kuma ce ba ka yi ba, don ban shiga ɗakin da kai ba. Mutanen nan sallarsu suke ba ka amana. Ba zan bar su su bi ka zuciyarsu tana ɗar-ɗar ba don kawai kai ɗana ne. In an wanke ka, ka koma wurinka."

"In ba a wanke ni ba fa?"

Ya ɗauki alƙalaminsa, amma bai rubuta komai ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina salla a sahun baya. Babu wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Mutumin da ya saba tsayar da ni ya yi mini tambaya a kan alwala sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. A makaranta in na shiga ofis sai hira ta mutu. Ummanku ta daina zolayata, kuma wannan ne ya nuna mini abin ya kai inda ya kai. Sai dai ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, ka ci ko kaɗan ne," ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Ranar kwamiti na shirya zan fita, sai na tarar da Malam Babba a soro ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, sanda a hannu. Shekara biyu rabonsa da ya wuce masallaci.

Na ce, "Malam, Turanci fa za a yi."

"Ba Turanci zan je ji ba. In ɗana ɓarawo ne, ina so in gani da idona. Nemo mana mota."

Mutum uku muka tarar a bayan tebur, maza biyu da mace ɗaya. Macen ita ce malamar kwas ɗin, wata dakta mai gilashi, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ashe ita ce malamin da na shekara ina karatu a hannunsa ban taɓa gani ba. Da ta ga tsoho sai ta tashi ta gaishe shi da Hausa, ta sa aka kawo masa kujera, ta ce saboda Baba da Hausa za a yi zaman. Ta ajiye takardata a gefe ɗaya, littafin a ɗaya gefen. Ta ce ta gwada su layi da layi, babu kalma ɗaya da ta bambanta.

"Har kuskuren da muka yi wajen bugawa, layin da ya fito sau biyu, kai ma sau biyu ka rubuta shi. Malam Habibu, ka taimaki kanka. Ta ina ka shiga da littafin?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a kaina na shiga da shi. Haddace shi na yi."

Ɗaya daga cikin mazan ya tuntsire da dariya. Ya ce ya daɗe a aikin nan, ya ji ƙarya iri-iri, amma wannan sabuwa ce. Raina ya ɓaci har na ji ɗacinsa a harshena. Kafin in buɗe baki, Malam Babba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Yaro, abin dariya bai zo ba tukuna. Ga littafi a gabanku, ga shi a gabanku. Ku ja masa baki mana. Ku buɗe duk inda kuka ga dama, ku karanta masa farkon layi, ku yi shiru. Mu haka muke gane mai hadda da mai da'awa."

Daktar ta kalli abokan aikinta. Ta buɗe littafin can wajen ƙarshe, ba ma babi na biyar ba, ta karanta kalma huɗu ta tsaya. Na rufe ido na ɗauka. Ina karantowa tana bin layin da yatsa, har ta juya shafi. Ta ce ya isa. Mai dariyar ya karɓi littafin ya buɗe tsakiya, ya ja, na ɗauka. Ya rufe ya sake buɗe wani wuri, na ɗauka. Sai ya taso ya zagayo, ya ce don Allah in cire hulata. Na cire, ya leƙa cikinta, ya leƙa kunnuwana, ya koma ya zauna bakinsa a buɗe. Na ukunsu, wanda bai ce komai ba tun da muka shigo, ya ce, "La'ilaha illallahu." Daktar ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur.

Na gyara zama. Na ce a raina yanzu sai ban haƙuri, sai kuma maki. A nan wautata take, ku saurara da kyau.

Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kansa. Ta ce, "Malam Habibu, shekara nawa kana koyarwa?"

Na faɗa mata.

"To ga yaro a ajinka, zango guda bai buɗe baki ba, ba ya tambaya, ba ya amsawa. Me za ka yi?"

Na yi murmushi, don wannan babi na bakwai ne. Na fara zubo shi. Ta ɗaga hannu.

"A'a. Wannan na san shi, ni na rubuta. Kai nake tambaya. Kai me za ka yi?"

Na sake buɗe baki, babin ne dai ya sake fitowa. Na rufe. Na nemi wata magana tawa a cikin kaina, na rasa. Abin da zai ba ku haushi, a shekarar nan akwai wata yarinya Bilki a aji uku, haka take zaune shiru, har na gano kunnenta ɗaya ne ba ya ji sosai, na dawo da ita gaba ta gefen da take ji, ta zama sai an ce ta yi shiru. Na san wannan sarai. Amma ko kusa bai zo mini cewa irin wannan abu ne da ake faɗa a gaban dakta ba. Ai ba a littafi yake ba, ni ne kawai na yi. Na zauna kamar an dasa ni, mutum mai 'ya'ya biyar, ga mahaifina yana kallo.

Malam Babba ne ya katse shirun.

"'Yata, ni tambaya biyu gare ni. Ɓarawo ne?"

"A'a, Baba. Wallahi ba ɓarawo ba ne. Mun zarge shi a kan kuskure, kuma za mu rubuta mu janye."

"To ya ci?"

"Bai ci ba, Baba. Ni ba littafina nake so ya dawo mini da shi ba, ina da shi. So nake in ji abin da ya fahimta. Sai ya sake kwas ɗin baɗi."

Na zaci Malam zai yi faɗa, ya ce wannan raini ne ga hadda. Sai na ji ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙo mini hannu in tashe shi.

A mota, muna shigowa ta Ƙofar Ɗan Agundi, Malam Babba ya juya wajen taga. Yana kallon waje ya ce, "Matar nan ta yi gaskiya. Na koya maka riƙewa, ban taɓa zaunar da kai na ce me ka gani a ciki ba. Ni ma nawa malamin sai da na yi furfura ya tambaye ni." Tun da nake ban taɓa jin kakanku ya ɗora wa kansa laifi ba sai ranar. Na rasa inda zan sa idona.

Abin ya ci mini shekara guda. Kafin in gama, hedimasta ya yi ritaya, aka kawo wani mai digiri daga wata makaranta, yaron da na girma nesa ba kusa ba, kuma a mataimaki na yi ritaya. Da na sake kwas ɗin, shafi ɗaya da rabi na iya rubutawa da kalmomina, ina gumi kamar mai faskare, labarin Bilki ne ma rabinsa. Makin da na samu shi ne mafi ƙanƙanta a duk takardar digirina. Satifiket ɗin da kuke gani a bango, Malam Babba bai gan shi ba, ya rasu saura wata huɗu a ba ni.

Amma a ranar kwamitin nan, mun iso unguwa ana kiran la'asar. Ya ce kada mu shiga gida, mu wuce masallaci. Na nufi sahun baya inda na saba, ya riƙe mini hannun riga. Masallaci ya cika, har da Sagiru, wanda ba a unguwarmu yake salla ba, labari ya kawo shi. Kafin Malam Sani ya tayar da iƙama, Malam Babba ya dogara sandarsa ya juyo ya fuskanci jama'a, a tsaye, shi da ko salla a zaune yake yi.

"Jama'a, na je, na gani da idona, na ji da kunnena. Habibu bai yi sata ba. Faɗuwa ya yi. Ya faɗi jarrabawa warwas, ni shaida ne!"

Masallaci ya ɗauka, "Alhamdu lillahi! Masha Allah!" Wani tsoho daga baya ya yi kabbara. Sagiru ya tsallako sahu biyu ya kama hannuna da hannu bibbiyu yana cewa, "Barka, Malam! Barka da faɗuwa!" Ni kuwa ina tsaye, ban san ko dariya zan yi ba ko me.

Malam ya zauna a wurinsa ta hannun dama, ya gyara rigarsa, ya ɗago ya dube ni.

"Me kake jira? Wuce gaba, lokaci yana tafiya."

Na wuce, na ɗaga hannu na yi kabbara. Allah ya rufa mini asiri sallar la'asar ce, ba a bayyana karatu. Da magariba ce, da duk unguwa ta ji limaminta yana kuka.